Azara Ita Ce Ɗaki

Ni ban yi lakol ba, makarantar boko ke nan, shekaruna ba su cikin takarda, amma lissafi bai ɓace mani. Maigidana ya rasu shekarar da fara ta sauka da kaka ta share gero tun shina tsaye. Wadda ta biyo ta ita ce ta yunwa, da mata sunka riƙa tonon gidan tururuwa suna sheƙe ƙasa. Mun tashi daga ƙauyenmu, nan gefen Sae Sabuwa, da bazarar da rana ta mutu da hantsi, kaji sunka nufi akurki, yara sunka fito suna bugun gwangwani. Abin da ya tsaya mani a maƙogwaro kuwa, wanda har yau tuwo bai wuce shi, a Gazawa ya faru, shekarar da anka rufe iyaka karon farko.

Sa'ad da anka kai ni gidan miji, kowace mace a garin nan ɗakin ciyawa take kwana. Ni ma haka, har na yaye ɗan fari. Maigidana ya yi ta zuwa cin rani kudu, sai wata shekara ya dawo a ƙasa, raƙuman wani Buzu na biye da shi, sun sha kaya har suna gurnani. Azara ce. Baƙar azara ta namijin giginya, wadda in ka sara mata gatari sai ya yi ƙara ya dawo maka, gara kuma ta shinshina ta wuce. Ya kwaɓa ƙasa ya gina mani shigifa. Ni ce mace ta farko da ta kwana ƙarƙashin rufin ƙasa a garinmu, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Wadda ta ji haushi ta sha ruwa.

Cikin ɗakin nan na yi sauran haihuwata. Hayaƙin wutar jego da ta ɗari ya bi azarar ya dafa ta, ta koma kamar ƙarfe. Na san kowace ɗaya kamar yadda na san yatsuna. Akwai wadda maigidana ya yi wa tsaga da wuƙa don in rataya ragaya. Akwai wata ƴar lanƙwasa da muke ce wa mai ƙusumbi, akwai gajera da anka sa a bakin ƙofa. In ruwa na zuba, shi kan kwanta ya ɗaga ido ya ce:

“Ƙasa ta kowa ce, ko'ina ka je ka kwaɓa. Azara ita ce ɗaki.”

Kuma haka abin yake a wurinmu. Mutum in zai tashi daga gari, ya hau ya tone rufi, ya sauke azararshi, ya ciro ƙyaurenshi, ya bar wa damina bango. Ko mai gari bai tambayarshi dalili. Da wannan sanin na girma, da shi na shiga duniyar da ba ta san shi ba.

Da maigidana ya kwanta dama, ƴan uwa sunka raba gandu. Yankin da ya faɗo wa ɗana, in jaki ya yi birgima ciki sai ƙafarshi ta shiga gonar wani. Yunwa ta zo, anka jinginar da shi, jingina ta koma sayarwa, wani ɗan kasuwa daga Maradi ya haɗa da na maƙwabta ya shuka aya. To zaman ƙauye ba gona, mi za ka ci, bango? Yaron ya ce mu koma Cadawa, ko dako ya yi a kasuwa. Na ce to, amma ka hau ka sauke mani ɗakina.

Muna ɗaurin kaya a amalanke, ƙanen maigidana ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu. Abokin wasana ne, bakinshi bai da ƙofa.

“Matata, ina za ki da itace? An ce maki can babu makamashi?”

Na ce, “Ɗakina na ɗauka. Kai kuma ga bango nan na bar maka, ka jingina bayanka ka ci gaba da zaman banzan da ka saba.”

Anka yi dariya. Ni ma na yi, don a raina ba mu wuce damina ɗaya ko biyu sai mun samu fili, azarata ta koma bisa.

Sai a Cadawa na san ana sayen barci. A ƙauye baƙo ya zo, mai gari ya ɗauki sanda ya nuna mashi wuri, shi ke nan ya zama ɗan gari. Nan kuwa wata na mutuwa sai ka ji sallama, ba ta gaisuwa ba, ta karɓar kuɗin haya. Na samu duwatsu na jera a bayan ɗakin da munka kama, anka shimfiɗa azarar bisa, na rufe da tsohuwar tabarma. Duk ranar Juma'a sai na buɗe na kakkaɓe, na juya ta ƙasa ta koma bisa. Yaron shina ɗaukar buhunan wake da aya, matarshi na soya ƙosai, ni ina kaɗi ina surfe. Muna matse ciki don fili.

Fili kuwa ya fi mu ƙafa. In mun kai inda anka faɗa mana bara, sai a ce ai wancan kuɗin bara ne. Meri, wato hukumar gari, ta yanka gonakin bakin gari, masu hali sunka saye, kowa ya kafa dutse a kusurwa ya tafi abinshi. Wuri ga shi shimfiɗe, awaki na kiwo, babu mai kwana, mu kuma da ke neman inda za mu sa haƙarƙari ba mu isa mu taka ba.

Gidan farko, ɗan mai gidan zai yi aure, anka ce mu ba da wuri. Na biyu, anka kafa sandunan kuran, wutar lantarki, a layin, haya ta yi tsalle, alhali mu ko ƙwai ɗaya ba a ɗaura mana ba, da aci-balbal muke. Na uku ban ma son tuna shi. Kowane tashi sai tukunya ta fashe, turmi ya ƙara tsaga, yara su bar wannan lakol su je su zauna a bayan wasu. Cibiyoyin jikokina suna binne a gidajen mutane daban-daban, yau in na je ko ƙofar ba za a bar ni in leƙa ba. Azara kuwa sai an yi mata amalanke ita kaɗai. Wata rana na ji surukata na ce wa maƙwabciya, “Mu dai muna da wata kaka a gidan nan, ba ta ci ba ta sha, amma ita ake fara ɗauka.” Ita a ɗakin haya anka kawo ta, ba ta san mi ake nufi da rufin kanka ba.

Daga nan yaron ya samu babur na wani, shina kai kaya bakin iyaka shina dawowa da wasu, munka koma Gazawa. Gidan da munka samu a ƙarshen gari yake, na wani Alhaji mai sayar da hatsi, mutum mai taushin murya, in shina magana kamar shina lallashin jariri. Ɗaki biyu ne. Ɗaya da kwano, ɗayan kango, rufinshi da dogon yaro anka yi, gara ta cinye, ya rufta. Saboda haka hayar ta yi sauƙi, don kuɗin ɗaki ɗaya ne.

Ni dai ba ni kwana ɗaki ɗaya da ɗana da matarshi, ko sama za ta faɗo. Anka yi mani rumfar zana a tsakar gida. Da rani lafiya lau. Damina na sauka, wata la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta ɗauke zanar ta kai ta gonar mutane, ruwa ya same ni zaune da tabarmata a ka. Tari ya kama ni, irin mai kai mutum ƙasa. Da na ɗan farfaɗo, yaron ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, shina zane ƙasa da tsinke.

“Inna, ki ba ni izini in ɗora azarar nan bisa wancan kangon.”

“Bisa bangon wa?”

“Aro ne, Inna. Ran da za mu tashi mu sauke abinmu.”

“Ubanka bai jawo ta daga kudu don ya rufa wa wani Alhaji asiri ba.”

“To mu zuba ido tari ya kashe ki, ita tana bayan ɗaki tana shan inuwa?”

Can na ce ya je ya faɗa wa mai gidan, kada a ce mun taɓa abin mutum ba da saninshi ba. Alhaji ya zo da kanshi, ya tsaya a tsakar gida, ya buɗe hannuwa.

“Haba Inna, har sai kun tambaya? Gidanku ne. Ku yi yadda kunka ga dama.”

Gidanku ne. Da kunnena na ji, surukata ta ji, maginin da munka kira ya ji. A inda na fito, in babba ya faɗi magana a tsakar gida, ta zauna ke nan.

Anka gyara kan bango, anka jera azara, anka shimfiɗa zana da leda, anka zuba ƙasa anka daddaɓe. Biyu sunka rage, mai ƙusumbi da gajerar nan, magini ya ce ba su kai ba, anka mai da su bisa duwatsu. Ran da na shiga, da azahar ne, na kwanta rigingine na ɗaga ido. Ga tsagar ragaya daidai bisa kaina. Warin tsohon hayaƙin nan ya sauko mani. Na rufe fuska da gyale don kada jikoki su gani.

Na yi wa ɗakin daɓe da makuba da hannuna, har sai da ya yi sheƙi. Surukata ta yi yaɓe, ta sa farar ƙasa. Na dasa zogale a gefen randa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ko ɗigo. Maƙwabta masu kwano, in rana ta take, ɗakina suke gudowa shan sanyi.

Wata rana Alhaji ya shigo da wani mai wando da riga ƴar shara, da jaka a hammata. Ya ce baƙo ne, shina son ya ga irin ginin da. Sunka shiga, Alhaji ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa azarar da makullin baburinshi, ta amsa mashi kamar ƙarfe.

“Ka ji? Irin wannan yanzu ko da kuɗinka ba ka samu.”

Na ji daɗi, na ba su labarinta tun daga raƙuman Buzu. Gaskiya na faɗa, kuma ko gobe anka tambaye ni haka zan faɗa.

A lokacin an riga an rufe iyaka. Baburin yaron ya koma hannun mai shi, shi kuma ya koma zaman bakin tasha. Gari ya cika da ma'aikatan da anka turo, kowa na neman gida, masu gidaje sunka ga rana ta fito masu. Ba a daɗe ba dillalin Alhaji ya yi sallama, ya faɗi sabuwar haya. Yaron ya ce ko ya ji daidai? Dillali ya gyara hula.

“Da kango kunka kama. Yanzu gida ne mai ɗaki biyu, ɗaya ma shigifa mai sanyi. Kowa ya san kuɗin wannan daban ne.”

Na fito daga ɗaki na ce, “Kai yaro, wato in biya kuɗin kwana ƙarƙashin azarata?”

“Ni ɗan aike ne, Inna.”

Anka ba mu zuwa bayan girbi. Mai jakar nan shi ne zai shiga, ya riga ya biya na watanni a dunƙule.

Ranar tashi na sa anka fitar da kaya, na ce wa yaron ya ɗauki hauya ya hau. Ya yi sara ɗaya, ya yi na biyu, ƙasa ta fara zubowa, sai ga ƙarar baburin Alhaji. Ashe akwai mai kai rahoto a layin. Taushin muryar nan duk ya tafi.

“Kai! Sauko! Rushe mani gida za ku yi?”

Na ce, “Alhaji, bangonka na nan, ba mai taɓa shi. Azarata zan sauke.”

“Wace azara? Abin da ya hau bisa ai na mai gida ne.”

“Ba kai ka ce gidanmu ne ba?”

“Inna, ai wannan magana ce. In na ce maki ki ci abinci kamar gidanku, sai ki tafi da tukunya?”

“Tukunyar tawa ce, ni na zo da ita! Kai da gararka kunka cinye naku rufin, nawa kake so ka haɗa?”

Mutane sunka taru. Alhaji ya ce in yaron ya ƙara sara ɗaya, jandarma za su zo su ɗauke shi. Yaron ya tsai da hauyar, ya dube ni. Shina da ƴaƴa ƙanana, ba ni sa a rufe shi saboda ni. Na ce sauko.

Anka kai magana gun mai unguwa, dattijo ne, shi ma ɗan ƙauye ne asalinshi. Ya saurare ni har na ƙare, bai katse ni ba. Magini ya zo ya faɗi abin da ya ji. Dattijon ya gyara zama, sa'an nan ya ce:

“Gwaggo, a garin ubana ma yadda kika faɗa haka ake yi. Amma nan gidan haya ne. In kowa zai tashi ya tone rufi, garin nan da babu ɗaki ko ɗaya a tsaye. Ki yi haƙuri. Alhaji, kai kuma ka ba ta wani abu.”

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ciro abin da ake sayen itacen girki da shi. Na dube shi na dubi hannun. Na ce ya riƙe, ya ƙara a guzurin Makka na gaba, in ya je can ya faɗa wa Mai Ɗakin cewa abin da ya hau bisa nashi ne. Na tashi na kaɗe zane. Wannan karon azarata ba ta bukaci amalanke ba. Jikokina biyu sunka ɗauki mai ƙusumbi, ni na ɗora gajerar a ka.

Bayan kamar shekara na ji matar mai jakar ta haihu. Ban san ta ba, ba ta san ni ba, amma na ɗaura zanena mai kyau na tafi barka. Ba jariri ya kai ni ba, Allah ya sani. Zogalena ya yi tsawo ya wuce katanga. Mai jegon tana cikin ɗakina, bisa ƙaton gado. Na yi barka, anka miƙo mani yaro, na ɗaga ido. Sun buga wata farar leda mai furanni daga bango zuwa bango, sun rufe rufin duka. Na ce, “Ɗiyata, mi ya sa kunka rufe bisa?”

Ta ce, “Wallahi Inna wasu baƙaƙen itatuwa ne, duk hayaƙi, in na kalle su tsoro suke ba ni. Amma ɗakin akwai sanyi.”

Na ce Allah ya raya, na ajiye mata sabulu, na fito.

Yanzu muna bayan gari, cikin filin wani da ke zaune Maradi. Ya ce mu zauna mu tsare mashi wuri kada a zuba shara, bai karɓar komi. Mun kewaye da zana, mun kafa bukkoki, mu da ba mu isa mu taka irin filayen nan ba yau mu ne masu gadinsu. Sai dai watan jiya kamyo, babbar motar kaya, ya zo ya sauke bulo da yashi a kusurwar gabas. Ba wanda ya ce mana komi. Ba sai an ce ba.

Ran da anka sauke bulon na kira yaron, na ce ya aro zarto. Ya ce na mi? Na ce ya yanka mani azarar nan biyu gajeru-gajeru, daidai faɗin kabari, irin waɗanda ake jerawa bisa mutum kafin a zuba ƙasa.

“Inna, don Allah ki bar irin wannan magana.”

“Ka yanka ina gani. In na bari sai bayan raina, kara za ku jera mani ko dogon yaro, gara ta rufta da ni tun ba a yi bakwai ba. Ubanka ya ce azara ita ce ɗaki. Can dai in ta hau bisa, ba mai zuwa ya ce tashi ce.”

Ya yanka. Sai da zarton ya zubar da haƙora kafin a ƙare, mai shi ya yi ta mita. Cikinta ja ne jawur, kamar yau anka sare ta. Na ɗaure guntayen da igiya, suna ƙarƙashin gadon karana. In an ce mu tashi gobe, a ka ɗaya za su tafi.

Cikin waɗanda sunka ga shigowar raƙuman nan garinmu, saura mu uku. Ni, da wata ƙawata da ke Tibiri gun ɗiyarta, ba ta gane kowa yanzu. Sai ƙanen maigidana, ya makance, an ce bangon ɗakina ya narke saura guntu, kuma da hantsi nan ake kai shi ya jingina. Maginin ya rasu bara. Mai unguwa ya riga shi. Alhaji na nan da ranshi, ya ƙara ƙiba, in mun haɗu a hanya shi ke fara gaishe ni da muryar nan tashi mai taushi, ya ce Inna ya gida.